Takardun Mazan Jiya

Ran da aka buɗe adakar kakana a gidanmu na Nguru, kwana 40 da rasuwarsa a shekarar 1994, magada sun zuba ido ne su ga kuɗi ko takardar gona. Abin da aka tarar kuwa shi ne tsohon bargo, da lambar yabo mai siffar tauraro, da wani ɗan littafi da aka naɗe cikin tsumma kamar laya. Da yake ni ne ɗan makarantar gidan, sai kawuna ya miƙo mini, ya ce, "Ungo, duba mana ko bashi ne." Ashe takardar sallama ce daga aikin soja. Ga sa hannun hafsan Bature da tawada, ga kuma dangwalen babban yatsan kakana, kamar dai mutane biyu sun haɗu a hanya ba wanda ke jin harshen wani.

Tun muna yara muke jin ana kiransa Ɗan Boma, mu kuwa mun ɗauka sunan wasa ne. Sai da takardar nan ta sa ni bincike na gane cewa jirgin ƙasan da ya iso Nguru a 1930 domin kwasar gyaɗa da fatu, shi ne ya kwashe shi tare da samarin tsararsa a zamanin Yaƙin Hitila. Sojojin Nijeriya sun fara gwabzawa da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, sannan aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka tsallaka da su teku zuwa Indiya, daga nan sai dazuzzukan Boma. Ta 81 ta yi artabu da Japan a kwarin Kaladan a 1944, kuma rundunonin biyu suka haɗu a Myohaung a watan Janairun 1945. Mutumin da ya tashi cikin rairayi da ƙaya, ga shi cikin dajin da ruwan sama ba ya ɗaukewa!

Daga nan ciwon tara irin waɗannan takardu ya kama ni. Babban burina shi ne in sami takardar naɗin hafsa, wato wadda ake bai wa soja da sunan Sarkin Ingila ran da aka ɗaura masa anini. Na shekara da shekaru ina bin gidajen tsofaffin sojoji tsakanin Nguru da Gashuwa ban samu ko ɗaya ba, kafin na fahimci dalili. A Rundunar Nijeriya ta lokacin, baƙar fata iyakarsa igiya: kofur, ko saje, in ya yi ƙwazo ya kai samanja. Anini na Turawa ne. Seth Anthony, mutumin ƙasar da ake kira Gana yanzu, shi ne ya fara keta wannan shinge a 1942. Mu a nan yankin sai a 1953 Zakariya Maimalari, ɗan ƙauyen Maimalari da ke ƙasar Yusufari, ya fito daga makarantar Sandhurst da aninin hafsa, shekara 8 bayan an gama yaƙin. Wato rashin takardar ma wani tarihi ne.

To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a Gashuwa a 2003. An kwatanta mini wata tsohuwa a wata unguwa kusa da bakin kogi, wadda mijinta ya yi saje a Boma. Na same ta kan tabarma tana tsintar wake. Ashe wani dillalin kayan tarihi ya riga ni, har ya taya takardar mijin nata da kuɗin da ya kai na buhun gero biyu. Na zauna na yi ta zuba mata bayani, cewa kayan gado ne, in ya bar ƙasar nan ba zai dawo ba, gara ta ba ni in adana. Ta saurare ni har na gaji, sannan ta ce, "Ɗan nan, shi ya zo da kuɗi, kai ka zo da baki, amma duk ɗauka kuka zo yi. Cikinku ba wanda ya gaya mini abin da ke ciki."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Iya, a gafarce ni." Na karɓi takardar, wadda gara ta riga ta ci gefenta, na shiga fassara mata: lambarsa, da ranar da aka ɗauke shi, da ranar sallama a 1946. Da na zo inda Baturen ya rubuta cewa halinsa abin koyi ne, sai ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta yi shiru, can ta ce, "Ya sha faɗa mana, yara suna dariya, wai surutun tsufa ne." Ta share ido da gefen mayafi, ta naɗe takardarta, ta tura ƙarƙashin tabarma. Ranar ban samu ba, shi ma dillalin daga baya na ji bai samu ba.

Tun daga ranar na sake hali. In na je gida, nakan fara karanta wa iyalin takardarsu, in ɗauki hotonta, in nuna musu yadda za su kare ta daga laima da gara, in bar musu abarsu. Hotuna 23 nake da su yanzu, ta asali kuwa ɗaya tak, ta kakana.

Ina roƙon 'yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya je hutu ya nemi izinin manya ya leƙa adakar gidansu, ya kuma zauna ya karanta musu abin da ya gani. Masu ba da labarin sun riga mu gidan gaskiya, saura takardu, gara kuwa ba ta hutu. Allah ya jiƙan mazan jiya, amin.