Babatunde da Abba

A gidan hayar da nake zaune a Agege an yi suna makon jiya. Jaririn ya zo wata biyu bayan rasuwar kakansa, aka raɗa masa Babatunde. Matar mamacin, tsohuwa mai sayar da goro, ta ja hannuna da Hausarta ta kasuwa: "Malam, maigida ne ya dawo, dubi goshinsa." Ba wasa take ba. Bayarabe in ya ce Babatunde ko Yetunde, nufinsa uba ko uwa sun sake zagayowa.

Mu ma muna mayar da suna, amma sunan kaɗai. A Kano a sa wa yaro sunan kakansa, alkunya ta hana uwa furtawa, sai ya tashi da Abba ko Baffa. Mamaci na kabarinsa yana jiran hisabi. Ko ɗanwabi, wanda Yarabawa ke kira abiku, mu kunya muke ba shi, mu ce Ajuji, kamar ba mu damu ba. Su kuwa lallashi suke: Malomo, kada ka sake tafiya, Durojaiye, tsaya ka ci duniya.

A ganina, nan hanyar labaranmu ta rabu. Ben Okri ya ɗauki abiku mai suna Azaro ya aza masa siyasar jam'iyyu da 'yan bangarsu a The Famished Road, littafin da ya ci kyautar Booker a 1991. Ƙasar kanta ta zama yaro mai zuwa yana komawa. Shi kuma García Márquez na Kolombiya, a littafinsa na 1967 kan zuriyar Buendía, sai maimaita Aureliano da José Arcadio yake, ana yaƙin basasa, fatalwa na yawo a tsakar gida ba mai razana. Mu ba aljanu muka rasa ba. Tun Ruwan Bagaja, da Abubakar Imam ya rubuta don gasar 1933, suna nan, sai dai a can uwa duniya ake gamuwa da su. A littattafan kasuwar Kano kuwa aljani lalura ne: ya shiga amarya, a kira malam ya yi ruƙiyya, a ci gaba da biki.

Alhali ga labari kwance a Zangon Agege. Kakan kaka ya biyo fataucin goro bayan dogo ya isa Kano a 1911. Jikansa ya loda iyali a tirela lokacin da aka soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, ƙura ta lafa ya dawo. Aka yi rikicin Mile 12 a 1999, aka yi na Idi-Araba a 2002, kowane karo a ɗaure kaya, a kwance.

Akwai irin wannan gida a layinmu. Autansu Yarabanci ya fi zama a bakinsa. A ɗaki uwarsa Abba take ce masa. Da ya leƙo waje, tsohuwar nan mai goro ta ƙwala masa Babatunde, ya amsa.