Zanen Itatuwa: Ƙofar da Aka Buɗe Mana

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Duk lokacin da maganar zane ta taso tsakanin matasa, a kan halas da haram take tsayawa. Game da itatuwa dai amsar a fili take. Bukhari ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas (RA) ya tsoratar da wani mai sana'ar zane game da siffanta abu mai rai, sannan ya nuna masa ya koma ga itatuwa. Abin da ke damuna shi ne, ƙofa ce aka buɗe mana, amma mun tsaya a bakinta muna gardama.

Magabata sun shige ta. Ibnu Abi Usaibi'a ya ba da labarin likita Rashiduddin Ibnus Suri, wanda ya rayu a Sham a ƙarni na 13. Yakan fita duwatsu tare da mai zane da launukansa, ya sa a zana tsiro yana ɗanye, a sake zana shi ya ƙosa, a kuma zana shi ya bushe, don kada mai neman magani ya ɗauko wani a madadin wani. Wannan amana ce, domin kuskure a nan rai yake ci.

Itatuwan ƙasarmu kuwa baƙi ne suka yi musu wannan hidima. A 1916 likita J. M. Dalziel ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. A 1925 jami'in gandun daji H. V. Lely ya wallafa littafi a kan itatuwa masu amfani na Arewacin Najeriya, da zanen ganye da fure da 'ya'ya. Ba domin Allah kaɗai suka yi ba, mulkin mallaka na son sanin dukiyar da ya mallake. Sai dai sun zauna sun duba. Shi ya sa a littattafan kimiyya kuka ke ɗauke da sunan Adanson, ɗorawa da na Mungo Park, gawo da na Faidherbe, alhali kakanninmu sun san su tun kafin a haifi waɗannan mutane.

Mai zane ba ya iya gaggawa. Dole ya lura cewa bayan ganyen magarya fari-fari ne mai gashi, na kurna kuwa ba haka yake ba. Dole ya jira rani kafin ya samu ganyen gawo, domin da damina yake kaɗewa ya bar wa gero rana. A ganina wannan shi ne duban halitta da Alƙur'ani ke ta kiran mu zuwa gare shi.

A nan Tozai, dattawa na lissafa itatuwan da suka sani a gonaki, waɗanda gatari da fari suka ɗauke. Nakan tambayi ɗalibaina siffar ganyen ɗanya ko marke, sai kaɗan su amsa. Idan itace ya tafi, sunansa da maganinsa suna bin sa.

Ya ɗan'uwa, ɗauki takarda da fensir. Zaɓi itace guda a garinku, ka zana ganyensa, ka tambayi tsoho sunansa da amfaninsa, ka rubuta. In ka samu hali ka dasa irinsa, domin ya tabbata a hadisi cewa abin da mutum ko tsuntsu ya ci daga shukar Musulmi sadaka ne.

Allah Ya buɗe idanunmu ga ayoyinSa. Wassalamu alaikum.