Keken da Ke Jingine a Zaure

Sana'ata bayar da magani ce a asibiti, amma yau zancen keke zan yi maka, da turbobin gona da suka kewaye garinmu Kanya, a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta masarautar Zuru. Abin da nake so ka riƙe shi ne, mai hawan jini ko ciwon sukari da ke zaune a karkara yana da wani magani a ƙofar gidansa, wanda mutanen wasu ƙasashe ke kashe maƙudan kuɗi kafin su samu. Sai dai shi ma, kamar kowane magani, yana da ƙa'idarsa.

Ɗauki misalin Faransa. A can akwai hanyoyin da suke kira koriyar hanya a harshensu. Tun shekarar 2004 dokar tuƙi ta ƙasar ta keɓe su ga masu keke da masu tafiya a ƙasa, mota da babur ba sa hawansu. Da yawa daga cikinsu tsofaffin layukan dogo ne da aka cire ƙarafansu aka shimfiɗa kwalta. Ɗaya daga cikin na farko ita ce wadda aka buɗe a 1997 tsakanin garuruwan Givry da Cluny, mai tsawon kilomita 44. Da yake jirgin ƙasa ba ya son tudu mai tsayi, hanyoyin sun zama shimfiɗaɗɗu, har dattijo da jikansa su yi tafiya mai nisa tsakanin gonaki ba tare da fargabar mota ba.

Mu a ƙasar Zuru ba wanda ya gina mana irin wannan, amma muna da ita tun kaka da kakanni. Turbar da ke zuwa gona, da hanyar rafi, da wadda ke haɗa wannan ƙauye da wancan ranar kasuwa, duk jan ƙasa ne da ƙafa ta daddaɓe, mota ba ta cika bin su ba. Na tashi na ga mahaifina yana ɗaure buhun dawa a bayan kekensa ƙirar Raleigh, ya tuƙa inda ya miƙe, ya sauka ya tura inda tudu ya yi tsayi. Shi da tsararrakinsa ba su taɓa kiran wannan motsa jiki ba. Ƙasar da saurayi ke shafe shekaru yana noman golmo kafin a ba shi mata ba ta buƙatar wanda zai koya mata wahalar jiki.

Sai babur ya shigo, ya sauƙaƙa mana rayuwa ƙwarai, ba na musun haka. Shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Amma sannu a hankali ya ƙwace har tafiyar da ba ta kai a tada inji ba. Malamin makaranta, da ɗan tireda, da ma'aikacin ƙaramar hukuma, kowa ya tashi daga kujera ya hau sirdi, ya sauka ya koma kujera. Keken ya koma zaure, taya ta sace, kaca ta yi tsatsa. Ni kuwa a tagar ɗakin magani ina karɓar katunan mutanen da ba su wuce shekara 40 ba, an rubuta musu maganin hawan jini na kowane wata. Wasu sukan ƙirga kuɗin hannunsu su ce in ba su na kwana goma, sauran sai an sayar da amfanin gona. Wannan ne ya sa ni kaina na gyara tsohon keken gidanmu, nake hawansa da hantsi a ranakun da ba ni da aiki.

Ga abin da ilimi ya tabbatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Mai hawan jini da ya dage a kan haka yakan ga lambar sama ta awonsa ta sauka da kimanin maki 5 zuwa 8. Tsokar cinya idan tana aiki tana zuƙar sukari daga jini, kuma jiki ya ƙara jin insulin. Keke yana da wata falala a kan gudu: sirdi ne ke ɗaukar nauyinka, saboda haka mai ƙiba da mai ciwon gwiwa sun fi jure shi.

Ta yaya za ka gane matsakaici? Idan kana tuƙi numfashinka ya ƙaru amma kana iya hira da na kusa da kai, daidai kake. Idan magana ta gagara, sassauta. Wanda ya daɗe bai hau ba ya fara da minti 10 a fili shimfiɗaɗɗe, ya riƙa ƙarawa mako bayan mako. Sannu ba ta hana zuwa. A ɗaga sirdi yadda gwiwa za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa, a duba birki, a naɗe ƙafar wando kada kaca ta kama.

Yanzu ga inda sana'ata ta shigo, domin keke da ƙwayar magani suna haɗuwa a jiki ɗaya. Kafin ka fara, je a auna jininka. Idan ya kai 180 bisa 110, ajiye keken tukuna har likita ya daidaita shi. Idan kana shan maganin da ke sa yawan fitsari, irin su Moduretic, zufa za ta ƙara rage ruwan jikinka, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ɗauki gorar ruwa, ka guji tsakar rana, kuma kada ka tsaya cak bayan tuƙi mai ƙarfi, ka rage gudu a hankali don gudun jiri. Mai shan atenolol ya sani cewa maganin yana hana zuciya saurin bugu, don haka numfashi ne ma'auninsa.

Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan Daonil, kada ya fita da yunwa. Sukarinsa na iya faɗuwa a hanya, ko ma awanni bayan ya dawo. Alamun su ne rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya da ruɗewa. Ya sa dabino ko ƙullin sukari a aljihu, da zarar ya ji haka ya sauka ya ci, misalin cokalin shayi uku na sukari. Ya sa takalmi rufaffe, ya duba tafin ƙafarsa kullum, domin ƙaya na iya shiga bai ji ba. Kada ka hau keke bayan ka sha Piriton, yana kawo gyangyaɗi. Kuma idan cinya ta yi tsami a makon farko, kada ka ruga kemis ka sayi Brufen da danginsa kana sha kullum, suna tada hawan jini, suna kuma wahalar da ƙoda idan jiki ya bushe. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa, ya rufe hanci a ƙurar hunturu. Ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe, ko duhun gani, duk suna nufin a sauka a nufi asibiti.

Akwai kuma abin da duk ɗan ƙasar nan ya sani. Shirun hanyar Faransa doka ce ta kawo shi, shirun wasu hanyoyinmu kuwa tsoro ne. Mutanen Kanya ba su manta da harin watan Maris na 2022 ba, wanda sojoji da dama suka rasu a cikinsa. Don haka kada neman lafiya ya kai ka dajin da manoma suka ƙaurace wa. Zaɓi turbar da jama'a ke bi, kusa da gari, bayan gari ya waye sosai. Ku fita ku biyu ko uku, ka faɗa wa iyalinka inda ka nufa, ka saurari abin da mai unguwa ya ce game da hanya. Ranar da hankali bai kwanta ba, kewaya filin makarantar firamare sau goma ya wadatar, zuciya ba ta tambayar inda aka je.

Ku kuma iyalin majinyaci, aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ɗa ya raka mahaifinsa, kada a yi masa dariyar wai ya talauce ya koma keke. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin da keke ya tsimin na iya cike gurbin maganin wata. Iyayenmu mata da ba su saba hawa ba, tafiya da sauri zuwa gidan 'yar'uwa a wata unguwa tana biyan buƙata iri ɗaya.

A ƙarshe, kada ka bar shan maganinka don ka fara jin ƙarfi. Rage magani hukuncin likita ne, bayan ya ga awo. Kai keken wurin mai gyara a wannan makon, ka samu ɗan littafi kana rubuta kwanakin da ka hau da abin da awon jininka ya nuna. Bayan wata uku ka taho da shi asibiti mu duba tare. Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya.