Kafin Ka Goge Wayarka da Tina Ko Fetur, Tsaya Ka Karanta

A teburin gyara ba a cika mako ba a kawo min wayar da aka goge ta da ruwan cire jan farce, ko tina, ko fetur ba. Murfin baya ya yi fari-fari, launi ya dashe, wani lokaci robar ma ta tsattsage. Mai ita kuwa tsafta kawai ya nufa.

Ka sani, launi ma sinadari ne, kuma kowanne da ruwan da ke narkar da shi. Fiye da rabin rinin da masana'antu ke amfani da shi 'yan gidan azo ne, wanda ya samo asali daga binciken wani Bajamushe, Peter Griess, a 1858. Alamarsu ita ce ƙwayoyin naitirojin biyu manne da juna a tsakiyar ginin sinadarin. Wannan mahaɗa da abin da ke rataye a gefenta su ke tantance hasken da rinin zai shanye, shi ya sa wani ja ne, wani rawaya, wani ruwan lemo. Kai, har faifan CD na Verbatim mai shuɗin ciki, da rinin azo yake riƙe bayanai.

Ga inda abin ya shafe ka. Rinin da aka liƙa wa ɓangaren salfonet yana narkewa a ruwa, irinsa ne tatrazin da ke sa wasu lemukan kwalba rawaya. Wanda ba shi da wannan ɓangaren, ruwa ba ya taɓa shi, amma yana son mai da roba. Da irinsa ake rina yadin foliyesta, kamar shafin cikin jaka da rigunan ƙwallo. Idan rigar wayarka mai taushi ta daɗe tana gugar wannan yadi, ga zafi ga zufa, rinin sai ya ratsa cikin robar. Don haka za ka wanke da omo har ka gaji bai fita ba. Ba a sama yake ba, ya shige ciki.

To a nan ne mutum ke ɗauko asiton, wato ruwan cire jan farce. E, yana kwashe rini, amma tare da jikin wayar, domin yana cin robar da ake yin murfi da firam. Bilic kuma mahaɗar nan yake tsinkewa, launi ya tafi, ba ya dawowa.

Ni abin da ke kan teburina IPA ne. Mai kashi 99 nake wanke fanel da shi, saboda yana bushewa nan take. Na goge jikin waya mai kashi 70 ne, kamfanin Apple ma ya amince da shi. Kashe wayar, ɗiga a ƙyalle mai laushi, kar ka zuba kai tsaye, kuma ka kauce wa ramin caji da sifika. Fara gwadawa a lungun da ido ba ya gani.

Idan kuma rini ya riga ya shiga rigar waya, ɗan uwa, haƙura ka canza ta. Kuɗinta bai kai na sabon murfi da ladan mai gyara ba. Allah ya sa mu dace.