Ɗan Ƙarfen Yanke Farce

Jama'a, cikin kayan da ɗalibi ya ke zubawa a akwati sa'ad da zai zo kwaleji, ba abin da a ke rainawa kamar ɗan ƙarfen nan na yanke farce. Mutum ya kan yi rabin yini yana zaɓen takalmi, amma abin yanke farce sai ya miƙa hannu a tiren mai talla ya ɗauki wanda ya fi walƙiya. Ni kuwa ina ganin ga mai shirin zama malami abin ya wuce wasa, don mu ne za mu tsaya da safe mu ce wa yara su miƙo hannuwa. Yaro yana miƙo nasa, idonsa yana kan na malam.

Galibin na arahan nan baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwa mai walƙiya. A nan kudu, inda damina ta ke da tsawo, iska kuma da laima, da ruwan ya kankare sai tsatsa ta kama bakin. Na kirki da ƙarfen da ba ya tsatsa a ke yinsa, irin wanda wani Bature, Harry Brearley, ya haɗa a Shefil ta Ingila a 1913. Asirinsa wani sinadari ne, kuromiyam, wanda a kan zuba aƙalla kashi 10 da rabi cikin 100. Garuruwa biyu sun yi suna a wannan sana'a, watau Solingen a Jamus da Seki a Japan, inda maƙera su ka yi ɗaruruwan shekaru suna ƙera takubba. Amma fa kowa yana iya buga sunan gari a jikin ƙarfe. Kada kuma wani ya ruɗe ku da mayen ƙarfe, don ƙarfen wuƙa marar tsatsa ma yana kama shi.

Ga yadda na ke gwadawa. Sai in danna shi a hankali, in ɗaga wajen haske. In na hango haske tsakanin bakin sama da na ƙasa, na ajiye ke nan, gama irin wannan ba ya yanka, sai ya tauna farce ya bar shi da tsage. Sa'an nan in duba madannin. In siriri ne kamar marfin gwangwani, ranar da ya gamu da farcen babban yatsan ƙafa zai lanƙwashe. Daga baya in girgiza 'yar ƙusar da ta riƙe madannin, don a nan na araha ya kan fara mutuwa. Nawa na gwada shi haka tun ina ajin farko, yau shekara uku, bai taɓa tsage mini farce ba.

Abin da ya fi damuna shi ne aro. A ɗakin kwananmu ƙarfe ɗaya ya kan zaga gadaje goma ran Lahadi da yamma. A koyarwar gwaji kuma na ga wani malami, da kyakkyawar niyya, ya jera yara yana yanke musu da reza guda. Wanda ya yanke farce ya san wani lokaci a kan taɓa nama, jini ya ɗan fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayar ciwon hanta na B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7. Sabo da haka ni ba na ba da aron nawa, ko da za a ce na cika rowa. An ma faɗa. Yaron da na samu da dogon farce kuwa, sai in nuna masa yadda a ke yi da hannuna, in aika wa iyayensa su nema masa nasa.

Farcen hannu ya kan tsiro wajen milimita 3 a wata, na ƙafa misalin rabin haka, don haka aikin ba yawa. A yanke bayan wanka, lokacin da farce ya yi laushi. Na ƙafa a yanke shi a miƙe, kada a bi kusurwa, don kada ya tsiro cikin nama. In an gama a goge bakin da sifirit, a bari ya bushe sarai, a ɗiga man keken ɗinki a kan ƙusar.