Ma'aunin Wasan Kimiyya a Idon Ɗan Kura

Abokan karatu sukan tambaye ni yadda nake zaɓen wasan talabijin na ƙagaggen labarin kimiyya. Amsata ita ce, a gonakin Kura da Bunkure na samo ma'aunina.

Kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, duk wanda ya ce za a ga alkama da tumatir kore shar, iya ganin ido, cikin rani a yankinmu, sai a ce tatsuniya yake yi. Ruwa ya zo, amma ya zo da tambayarsa: wa ke riƙe da mabuɗin ƙofar ruwa, wa kuma ke can ƙarshen magudana yana jiran saura?

A ganina, wasan da ya amsa sunansa shi ne mai yin irin wannan tambaya. Dubi Doctor Who na BBC, wanda aka fara a 1963. A labarinsa mai suna The Enemy of the World, wani Salamander ya ƙera na'urar tara hasken rana wadda ta bunƙasa amfanin gona, daga nan ya nemi mallake duniya. Kashi biyar na labarin sun daɗe da ɓata, sai a 2013 aka sanar da gano su a wata tashar talabijin a Jos.

Saboda haka, yawan kumbo da baƙin halittu ba ya ruɗa ni. In wasa ya nuna na'ura, bai nuna wanda ta ciyar da wanda ta hana ba, nakan kashe akwatin. Ina fata magada Umaru Dembo, mai Tauraruwa Mai Wutsiya, za su leƙa Kadawa, domin labari yana can kwance yana jiran alƙalami.