Ɗan Hakin Da Ka Raina: Robar Kafireta Da Aljihun Mai Babur

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A kan tsohon babur kuwa, bangon wata 'yar roba ce da tsawonta bai kai na yatsa ba, wadda ke haɗa akwatin iyakilina da bakin kafireta. Ƙadangaren shi ne ƙura. Mafi yawan masu babura ba su taɓa sunkuyawa sun dube ta ba, alhali ita ce ke yanke hukuncin ko injin zai kai shekara goma ko zai buƙaci a sauke shi kafin damina biyu.

Ni malamin makaranta ne, ina zaune a Makera, kudu da Kogin Kaduna. Abin hawana Honda CG125 ne da na gada daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa, wanda ya saye shi da gumin aikinsa a ɗaya daga masaƙun Kakuri. Da shi nake zuwa makaranta a Barnawa, da shi nake cefane a Kasuwar Television, da shi nake haye gada in shiga gari. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta doshi Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura Naira 1,000 a shekarar 2024. Daga nan duk ɗigon da babur ya sha ba bisa ƙa'ida ba, daga tukunyar gida aka ɗebo shi.

Ya kamata mai karatu ya san cewa abincin inji iska ne, mai kuwa ɗan mahaɗi ne. Domin fetur ya ƙone sarai, kowane kilo ɗaya yana buƙatar iska kimanin kilo 14.7. Idan aka juya lissafin zuwa lita, kowace litar mai tana tafiya da iska kusan lita 9,000. Duk wannan iskar dole ta bi ta cikin soson iyakilina a tace ta, ta ratsa robar da muke magana a kai, ta shiga kafireta ta ɗauki mai, sannan ta wuce ta wata mahaɗar ta biyu zuwa cikin silinda. Sai a tuna irin iskar da muke shaƙa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ga kuma ta layukan unguwanninmu da ba su ga kwalta ba. A cikin ƙurar hanya akwai ɓarɓashin yashi da ya fi ƙarfen silinda tauri. Idan robar ta tsage, wannan yashi ba ya bi ta kan soso, kai-tsaye yake shiga ya riƙa goge ringi da fistan da bawul kamar ana cuɗa su da samfefa.

Roba kuwa tana tsufa. Zafin inji da tururin fetur da rana suna busar da ita, ta ƙanƙance, ta yi tauri kamar ƙaho, ta daina kama bakin kafireta. Tsagar takan fara daga ƙasa ko daga bayan zoben da ke ɗaure ta, inda ido ba ya kaiwa.

Alamomin sukan zo a hankali. Babur ya ƙi tashi da safe sai da cok. Idan aka ja totur ya yi kamar zai shaƙe kafin ya amsa. Idan aka sake shi, ƙarar ta jima a sama kafin ta sauko. Wani lokaci salansa ta riƙa tari a gangara. Mine ne ya jawo haka? An auna ƙofofin man kafireta ne bisa ƙarfin zuƙar da iyakilina ke haddasawa. Da zarar iska ta samu ɓarauniyar hanya, sai ma'aunin ya ɓaci, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, inji ya ɗau zafi fiye da kima.

A nan ne akan bar jaki a koma dukan taiki. Abin da na gani a gareji da dama shi ne, yaro ya ɗauki sukundireba ya murɗa ƙusar iska, ya ɗaga sulo, babur ya daina mutuwa, mai shi ya biya ya tafi yana murna. Tsagar tana nan, ƙura na ci gaba da shiga, shan mai ya ƙaru. Bayan wasu watanni sai hayaƙi ya fara fita, baƙin mai ya riƙa raguwa, a ce sai an sauke inji.

Wanda ya nuna mini hanyar da ta dace wani dattijo ne a Kakuri, tsohon ma'aikacin sashen gyaran injuna na wata masaƙa, wanda ya koma gyaran babura bayan an rufe ta. Da na kai masa babur ɗin, bai taɓa kafireta ba. Ya cire murfin gefe, ya kwance zoben, ya zura yatsa cikin robar ya shafo, ya miƙo mini yatsan ja jawur da ƙura.

"Malam, ka ga wannan? Bayan soso nan ya kamata ya fi farantin cin abincinka tsafta."

Na ce, "Baba, ashe ba kafiretar ba ce?"

Ya ce, "Kafireta ba ta da laifi, ɗana. Abin da aka ba ta shi take aunawa."

Daga nan ya lanƙwasa robar a gaban hasken rana, tsagogi suka buɗe baki. Ya kwance fulogi ya nuna mini bakinsa fari fat, ya ce na lafiyayyen inji ruwan ƙasa-ƙasa yake, baƙi kuwa alamar mai ya yi yawa ne. Ya tayar da babur ya bar shi a sulo, ya fesa ruwa a mahaɗar da ke tsakanin kafireta da silinda yana sauraro. Ya bayyana cewa idan ƙarar ta sauya, to can ma akwai ɓaraka, kuma ta can ta fi saurin ƙona inji. Ya gargaɗe ni da masu yin wannan gwaji da fetur a kan inji mai zafi, domin gobara suke saye da kuɗinsu.

Sabuwar robar sai da ya jiƙa ta a ruwan zafi ta yi laushi, ya goge bakin kafireta da na akwati, ya zaunar da ita har ta shige gurbinta ta kowane gefe, sannan ya ɗaure zoben daidai wa daida, don matsewa da yawa yanka roba take yi. Ya wanke soson, ya shanya, ya shafa masa ɗan mai ya matse. Sai a ƙarshe ya koma kan ƙusar iska ya daidaita ta. Game da ɗaurin tsohon tiyub da salatif da aka saba yi, ya ce wannan na kai mutum gida ne idan dare ya yi masa a hanyar Kachia, gobe da safe a nemi ta gaske. Gam ɗin silikon kuma fetur kumbura shi yake yi, ya ɓantare ya toshe kafireta.

Abin lura shi ne, kamfanin Honda ya fitar da CG125 a 1975 musamman domin ƙasashe irin namu, bayan injiniyoyinsa sun zagaya sun ga yadda ake wahalar da babura ba tare da kulawa ba. Shi ya sa suka sa masa soson da ake wankewa a mayar. Sun yi nasu; saura namu.

Wannan yanki na kudancin Kaduna ya taɓa zama makarantar masu sana'ar hannu. An buɗe masaƙar KTL a 1957, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, matatar mai ta soma aiki a 1980. Dubban mutane sun koyi cewa inji ana gano ciwonsa ne kafin a ba shi magani. Da masaƙun suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007, wannan ilimi ya watse cikin unguwanni, yana kuma tafiya kabari tare da masu shi. Yaran da ke gareji a yau ba su rasa basira ba, mai nuna musu ne ya yi ƙaranci, ga kuma mu masu babura da ke son aikin minti biyar da kaya mafi araha, ko da robar da za ta bushe cikin wata uku ce.

Kirana ga ƙungiyoyin makanikai da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa shi ne su nemo irin waɗannan dattawa su haɗa su da matasa tun suna da sauran ƙarfi. Ga ɗan'uwana mai babur kuma, kafin hunturun bana ya kankama, cire murfin gefe, zura yatsa bayan soso, ka duba abin da zai fito. Idan ka ga ja, kada ka bari a taɓa maka kafireta sai an sauya robar. Allah Ya tsare mana ababan hawanmu, Ya sa albarka a ɗan abin da muke samu.